Ba Sukari Ne Ya Faɗi Ba: Martani Kan Ciyar da Wanda Aka Yi wa Aikin Tumbi

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi a shafin lafiya kan jinyar wanda aka yi wa aikin tumbi, kuma ban ga alamar mugun nufi a cikinsa ba ko kaɗan. Mutum ne da ya ga yadda majinyata ke ramewa bayan an sallamo su daga asibiti, abin ya dame shi, ya ɗauki alƙalami. Sai dai shawarwari uku da ya bayar, in aka bi su yadda ya tsara, za su ƙara wa wasu majinyatan wahalar da yake son rage musu. Ya ce jiri da gumi da faɗuwar gaban da ke kama majinyaci da zarar ya gama cin abinci alama ce ta sukarin jini ya yi ƙasa, don haka a yi maza a ba shi dabino ko zuma ko lemon kwalba. Ya ce a daɗe ana ba shi abu mai ruwa-ruwa, kunu da koko da shayi mai kauri da fura, a kuma riƙa kora masa kowace loma da ruwa don kada tumbin da aka ɗinke ya wahala. Sannan ya ce kada a bar shi ya kwanta bayan cin abinci, a tashe shi ya zagaya tsakar gida. Ta farkon ce ta fi tayar mini da hankali, domin ita ce mai jinya zai aikata cikin gaggawa, hannu na rawa, yana ganin ceton rai yake yi.

Malam, abin da ka kwatanta ba baƙo ba ne a wurin likitocin tiyata. Tun da Theodor Billroth ya yi nasarar yanke wani sashe na tumbin wata mata a Biyenna, babban birnin Ostiriya, a 1881, aka fara cin karo da mutanen da aiki ya yi kyau, ɗinki ya warke, amma cin abinci ya zame musu azaba. A 1913 wani likita a Landan, Arthur Hertz, ya duba irin waɗannan majinyata da hoton ciki, ya ga abinci ba ya tsayawa a tumbinsu, zazzagewa yake yi cikin hanji da saurin da ya wuce kima. Likitoci na kiran ciwon dampin, ni kuwa zan kira shi zazzaga a wannan rubutu. Iri biyu ne, akwai zazzagar farko, akwai ta baya, kuma cakuɗa su da ka yi ne ya kai ka ga maganin da ya dace da ɗaya amma yake tsananta ɗayar.

Tumbin mai lafiya yakan buɗe ya ajiye abinci har lita ɗaya ko fiye, ya markaɗa shi, ya gauraya shi da ruwan da yake fitarwa, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta wata ƙofa ta tsoka da ke ƙasansa. Ƙofar nan ba ta barin gutsuren da ya fi milimita 1 zuwa 2 ya wuce, kuma kwanon abinci guda kan ɗauki kamar awa 4 kafin ya gama fita. Wannan ƙofa ce aikin tiyata ke taɓawa. Wani gyambon ciki ne ya daɗe har mafitar ta tsuke, yana aman abin da ya ci tun jiya, sai likita ya buɗa sabuwar hanya tsakanin tumbi da hanji, ko ya yanke jijiyar da ke sa tumbi fitar da tsami ya faɗaɗa ƙofar. Wani ciwon daji ne ya sa aka cire rabin tumbin ko dukansa, ko aka yanke bututun da ke kai abinci daga maƙogwaro. Wani kuma aikin rage ƙiba ya je ya yi a Indiya ko Masar ko Turkiyya, aka bar masa 'yar aljihun tumbi da ba ta wuce mililita 30 ba. Samuwar magungunan gyambon ciki daga 1976 da gano ƙwayar cutar da ke haddasa shi a 1982 sun rage yawan aikin gyambo ƙwarai, amma duk inda mutum zai shekara da shekaru yana sayen magani a kemis kafin ya ga likita, ana nan ana yinsa. Alƙaluman da masana suka tattara sun nuna zazzaga kan kama har 20 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa jijiya aka faɗaɗa ƙofa, har 40 cikin 100 bayan aikin rage ƙiba, har rabin waɗanda aka yi wa aikin bututun abinci. Ke nan masu karanta shawararka da ke da irin wannan majinyaci a ɗaka ba su da kaɗan.

Ga abin da ke faruwa idan ƙofar ta tafi. Abinci yakan faɗa ƙaramin hanji da yawa a lokaci guda, ba a markaɗa shi ba, ba a sirka shi ba. In yana da zaƙi, ƙarfin sinadarin da ke narke a cikinsa ya fi na jini nesa ba kusa ba. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace na kwali sun kai kusan ninki biyu na jini. Duk macen da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ta san abin da ke biyo baya: kafin wani lokaci ruwa ya tsattsafo ya kwanta a faranti. Haka abinci mai zaƙi ke janyo ruwa daga jini zuwa cikin hanji. Hanji ya kumbura, ya fara ƙugi da murɗa, tashin zuciya ya zo, wani lokaci gudawa ta biyo. A daidai lokacin hanjin na sakin wasu sinadarai da ke buɗe jijiyoyin jinin ciki, jini ya taru a can, wanda ke zagayawa a sauran jiki ya ragu. Sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin, fuska ta ɗau zafi, gumi ya karyo, jiri ya ɗebi mutum, ya ji babu abin da yake so a duniya irin ya miƙe a ƙasa. Duk wannan yakan zo ne cikin minti 10 zuwa 30 da cin abinci, bai cika wuce awa ɗaya ba. Ita ce zazzagar farko, kuma ita ta fi yawa.

To a cikin wannan rabin awa sukarin jinin majinyacin hawa yake yi, domin abin da ya ci ya isa inda ake tsotsarsa da wuri fiye da na kowa. Wanda ke shakka ya soki ɗan yatsan majinyacin ya gwada da na'urar gwajin sukari, za a ga lamba sama da ta kafin cin abinci. Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Idan likita na son tabbatar da cewa zazzaga ce ke damun mutum, yakan sa shi ya kwana bai ci komai ba, da safe ya ba shi gulukos giram 75 a ruwa ya shanye, ya zauna yana auna shi duk bayan rabin awa har awa 3. A matsayar da ƙwararrun likitoci daga ƙasashe da dama suka fitar a mujallar Nature Reviews Endocrinology a 2020, idan bugun zuciya ya ƙaru da fiye da 10 a minti ɗaya bayan rabin awa, ko kaurin jini ya ƙaru da fiye da kashi 3 cikin 100, an tabbatar da zazzagar farko. Wato ruwan sukari shi ne abin da ake amfani da shi a asibiti don a tayar da ciwon da gangan, a gaban likita, da gado a kusa. Shi ne kuma kake cewa a ɗura wa mutum a gida a matsayin magani, alhali ciwon ya riga ya tashi. Kwalbar lemo guda na ɗauke da sukari kamar giram 35, ƙaramin cokali tara ke nan, kusan rabin abin da ake bayarwa a gwajin. Zuma kuwa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta sukari ne.

Cutarwar ba ta tsayawa a nan. Sukarin da ya kwarara cikin jini da sauri yakan sa jiki ya saki insulin fiye da buƙata, sai bayan awa 1 zuwa 3 sukarin ya faɗi da gaske. Ita ce zazzagar baya: rawar jiki, yunwa mai tsanani, gumi mai sanyi, rikicewar tunani, har suma. A nan, Malam, maganarka daidai ce, kuma ba zan rage ta da komai ba. Mutumin da ya fara karkarwa awa biyu bayan cin abinci, aka gwada aka ga sukarinsa ya sauka ƙasa da 70, a ba shi sukari kamar giram 15, ƙaramin cokali uku zuwa huɗu, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan a bi shi da ɗan abin da zai riƙe shi, ƙwai ko gyaɗa. In ya suma kada a sa masa komai a baki, a kai shi asibiti. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari shi ma gwaji ne zai raba masa gardama. Amma dubi abin da ke faruwa a gidan da aka bi shawararka ba tare da duba agogo ba. Jiri ya zo minti ashirin bayan kalaci, aka ba shi lemo, ciwon ya tsananta, aka ce ai bai isa ba ne. Bayan awa biyu lemon nan ya jawo faɗuwar sukari ta gaskiya, aka sake ba shi zaƙi, ya farfaɗo, kowa ya ce ka gani, dama sukari ne. Gobe za a fara ba shi zaƙin tun kafin ya yi ƙorafi. An gudu ba a tsira ba.

Batun abinci mai ruwa kuma, akwai lokacinsa. A kwanakin farko bayan aiki likitan tiyata da kansa zai ce a fara da ruwa-ruwa, sannan mai laushi, sannan a koma mai tauri, don ɗinki ya samu ya kama. Wannan umarnin likita ne, a bi shi yadda ya ce. Kuskuren shi ne a mayar da matakin 'yan makonni ya zama abincin watanni, bisa zaton cewa abin da ke saurin wucewa shi ne mai sauƙi. Saurin wucewar ita ce ainihin cutar. Ko a tumbi mai lafiya ruwa ya fi abu mai tauri saurin fita, balle wanda ba shi da ƙofa. Kuma kunu da kokon jinya ba lami ake kai su ba, kowa ya san haka. An tace gasara har babu sauran dusa, an zuba sukari da hannu sake saboda tausayi, an ƙara madara don ya yi ƙarfi.

Na ga wannan da idona a wurin wani dattijo a unguwarmu da aka yi wa aiki saboda mafitar tumbinsa ta toshe. Da safe ake kawo masa koko a babban kofi, an sa sukari cokali uku da madarar gari, da ƙosai a gefe. Da yake ya kwana da yunwa, kokon yake fara ɗagawa, ya shanye cikin 'yan kurɓa. Kafin ya kai ga ƙosai na biyu sai ka ga ya ajiye, ya sa hannu yana jan wuyan rigarsa, gumi ya jeru a goshinsa, ƙugin cikinsa kuwa daga bakin ƙofa kana ji. Sai ya zame daga jikin bango ya kwanta a tabarma, idonsa a rufe, yana numfashi sama-sama, jim kaɗan a kama shi zuwa bayi. Uwargidansa, mace mai haƙuri da ba ta gajiya da jinya, ta yanke cewa jininsa ne ya ƙare, sai ta koma haɗa masa lemon malti da madarar gwangwani kamar yadda aka saba yi wa mai ƙarancin jini. Da ma'aikaciyar asibiti ta ji labarin a ranar komawa ganin likita, ba ta rubuta ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce a juya tsarin: ƙwai dafaffe da ƙosai biyu tukuna, a tauna sosai, ya kishingiɗa, kokon kuma ya jira sai can, rabin kofi, ba sukari, a sha da cokali. Abincin gidan bai canja sosai ba, kuɗin cefane bai ƙaru ba, amma dattijon ya fara gama kalaci a zaune.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi shi ne kafin a kai ga haka ya riga ya fara tsoron abinci. In ya ji motsin kwano sai ya ce ya ƙoshi. Wannan ita ce babbar illar zazzaga, ta fi jirin haɗari: mutum ya gane cewa duk cin da zai yi da wahala a bayansa, sai ya rage ci, ya rame, 'yan uwa su fara raɗe-raɗin ciwon ya dawo ko an yi masa sammu, a kama hanyar masu magani. Ramar da ta sa ka yi rubutu, Malam, sau da yawa daga nan take. Ƙarancin jinin da uwargidan ta zarga kuma ba tatsuniya ba ce. Tumbi ne ke samar da abin da jiki ke buƙata kafin ya tsotsi bitamin B12, kuma tsamin tumbi na taimaka wa tsotsar sinadarin ƙarfe, shi ya sa wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya yake buƙatar ƙarin B12, galibi ta allura, har ƙarshen rayuwarsa. Amma ƙarancin jini ba ya jiran a gama cin abinci kafin ya nuna kansa, kuma gwajin jini ne ke gano shi, malti da madara ba sa gyara shi.

Kora loma da ruwa kuwa tura abincin yake yi gaba, ya ƙara masa gudu. Ƙa'idar da likitoci suka yi ittifaƙi a kai ita ce a raba ci da sha: a ci abinci a bushe, a jinkirta ruwa aƙalla minti 30 bayan an gama, da yawa ma sukan ce a dakata da shi ɗan lokaci kafin a fara. Miya ma ruwa ce in ta tsinke, a yi ta da kauri. Farfesu a ci naman yanzu a sha romon daga baya. Sai dai a kula, jinkirta ruwa ba rage shi ba ne. Mutumin da ke gudawa, ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, in aka tsorata shi da ruwa za a kai shi asibiti da ƙishirwar jiki. Ya ajiye gora a kusa, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tsakanin ci da ci, har ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini in likita bai ƙayyade masa ba.

Na fahimci inda ka samo maganar tafiya. Bayan kowace irin tiyata ana son majinyaci ya tashi ya taka da wuri don kada jini ya daskare a ƙafa ko majina ta kwanta a ƙirji, kuma mai ƙwannafi ana hana shi kwanciya da cikakken ciki. Duka biyun gaskiya ne. Amma mutumin da jininsa ya sauka, idonsa ke ganin duhu-duhu, in ka tsayar da shi kan ƙafafunsa faɗuwa zai yi, ga turmi ga bakin rijiya ga sabon ɗinki a ciki. Kwanciyar minti 30 bayan cin abinci na cikin matakan da likitoci ke ba wa mai zazzagar farko, domin tana rage saurin gangarar abinci, tana kuma sauƙaƙa wa jini komawa zuciya da kai. Jikin majinyacin da kansa abin da yake nema ke nan, a bar shi. Wanda aka yi wa aikin bututun abinci ko aka cire wa tumbi duka shi ne ba zai miƙe shame-shame ba, saboda abinci da ruwan ɗaci na iya dawowa su shaƙe shi. Shi sai a tara masa matasai ya kishingiɗa. Tafiyar kuma tana nan, a yi ta bayan guguwar ta wuce. Haka hawa babur ko tuƙin mota, ba a yinsu a awar farko bayan ci sai an san yadda jikin ke amsawa.

Me za a ci ke nan? Tambayar da mai jinya zai yi ke nan, kuma amsarta na cikin tukunyar gida. Abin da aka saba ci sau uku a raba shi shida, a ƙaramin faranti nasa shi kaɗai, domin wanda ke ci a tire ɗaya da samari ba zai iya ci a hankali ba. A fara da abin gina jiki: ƙwai, kifi, kaza, nama da ya dahu ligif, wake, alale, awara, dambun nama. A bi da ɗan tuwon dawa ko na gero, loma kaɗan, da miyar kuɓewa ko kuka ko zogale mai kauri. Hatsi da dusarsa ya fi wanda aka tace, ɗanyen lemo ko gwaba da aka tauna sun fi ruwan da aka matse. Mai kaɗan a abinci ba laifi, yana ma rage saurin wucewa, sai dai wanda maiƙo ke sa wa gudawa. A tauna kowace loma har ta zama gari, tunda haƙora ne yanzu ke yin markaɗen da tumbi ya bari, a kuma ba cin abincin minti ashirin zuwa talatin. Abin da za a nisanta sananne ne: shayi mai sukari da farin burodi, zoɓo da kunun aya da aka cika wa zaƙi, alewa, nakiya, alkaki, tuwon madara, rake. Madara na tayar wa wasu ciwon, kindirmo marar sukari kuwa mutane da yawa na ɗaukarsa, a gwada cokali biyu a gani. Fura ba haramun ba ce gare shi, illarta tana cikin yadda ake dama ta, tsararo da sukari da ƙanƙara, a ɗaga ƙwarya a shanye.

Ina da roƙo ga masu zuwa dubiya. Mun saba shiga ɗakin majinyaci da katan ɗin malti da lemon kwali, a jera su a ƙarƙashin gado, shi kuma ya ji nauyin ƙin sha a gaban wanda ya kawo. Kuɗin katan guda zai sayi ƙwai ko kifi da zai amfane shi kwanaki. Kuma in ya ce ya ƙoshi bayan loma biyar, kada a yi ta masa magiya da daure ka ƙara, zai sake ci bayan awa biyu.

Watan azumi na buƙatar kulawa ta musamman, domin buɗa-bakin da muka saba ya haɗa duk abin da ke tayar da zazzaga a zama ɗaya: ciki wayam tun asuba, ruwan sanyi kofi biyu, dabino, kunu mai sukari, zoɓo, sannan abinci mai nauyi a kai. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma wanda ciwonsa ke buƙatar ci shida a yini ya zauna da likitansa da malaminsa tun kafin a ga wata. In an yarje masa ya ɗauka, ya buɗe baki da ɗan ruwa ko dabino guda, ya yi sallah, ya ci ɗan abu mai gina jiki a bushe, ya raba sauran zuwa kashi-kashi har sahur, ruwa kuma a tsakani.

Yawancin masu zazzagar farko gyaran ci kawai ke wadatar da su, kuma ciwon kan lafa da tafiyar watanni yayin da hanji ke sabawa. Ga wanda bai samu sauƙi ba akwai matakai a gaba, duk a hannun likita. Akwai garin da ake zubawa a abinci ya ƙara masa kauri da yauƙi, irin su fektin da ake samu daga ɓawon lemo da tuffa, da garin guwa da ake nomawa a Indiya da Pakistan, har giram 15 a kowane ci, sai dai mutane da yawa ba sa jure kumburin ciki da iskar da suke sawa. Akwai ƙwayar akarbos da ke jinkirta narkewar sitaci da sukari, amma aikinta ya fi ƙarfi a zazzagar baya, kuma mai shan ta in sukarinsa ya faɗi gulukos zalla ake ba shi, domin maganin na tare sukarin shayi. Sai allurar oktiriyotayid, wadda ke rage saurin hanji da sakin sinadaran nan, ana yin ta kafin kowane ci ko mai dogon aiki sau ɗaya a wata. Tana da tsada, tana son firji, kuma tana iya kawo tsakuwa a maɗaciya da bayan gida mai maiƙo. Sake tiyata shi ne mataki na ƙarshe, kuma likitoci ba sa gaggawar zuwa gare shi saboda sakamakonsa ba shi da tabbas.

Ba kowane ciwo bayan ci ne zazzaga ba, wannan ma ya kamata ya fito a shafinka. Amai da ba ya tsayawa, aman jini, baƙin bayan gida, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, ciwon ƙirji, suma, ko rama da ke ci gaba duk da an gyara ci, waɗannan na asibiti ne a ranar, domin mahaɗar da aka ɗinke na iya tsukewa, sabon gyambo na iya fitowa, hanji na iya harɗewa. Ina roƙonka, Malam, ka sake fitar da shafin da gyara, ka kuma ƙara wa masu jinya abu ɗaya da zai taimaki likita fiye da dogon bayani: su samu littafi su riƙa rubutawa na mako ɗaya ko biyu, me aka ci, me aka sha tare da shi, ƙarfe nawa aka gama, minti nawa kafin jiri ya zo, nawa bugun zuciya ya kai, nawa na'ura ta nuna in akwai ta. Su haɗa da takardar sallama da ke ɗauke da sunan aikin da aka yi, waɗanda suka yi aikinsu a ƙasar waje kuma su tabbata sun karɓo ta kafin su baro asibitin.